Jar Bakwai a Kan Baƙar Takwas

Ɗan gwaggona ne, don haka tun daga haihuwa nake da lasisin tsokanarsa. A danginmu ba mai kiransa da sunan yanka, Ko-Wannan muke ce masa. A shagon tabarau yake aiki. Zai zaunar da kai a kujera, ya ɗora maka wani ƙarfe a hanci, ya zura gilashi ya ce, "Wannan?" Ya zare ya zura wani ya ce, "Ko wannan?" Haka zai yi ta yi har ka manta wane ido ne ya kawo ka. Na sha rantsuwa cewa wani bawan Allah ya shiga shagon da baƙin gemu ya fito da furfura, kuma har yau ba wanda ya kawo min hujjar cewa ƙarya na yi.

Da a shago halin ya tsaya, da sauƙi. Ko-Wannan ya taɓa kwatanta fankoki, ta tsaye da ta sama da ta bango, har zafi ya wuce aka shiga neman bargo. Firji kuwa sai da ya zagaya shaguna da tef ɗin awo, yana kara kunne a jikin kowanne kamar likita. Ni aji biyu na sakandare na tsaya, amma ko ni na san firji sanyi ake nema a cikinsa.

Matarsa ce maganinsa. Yanzunnan muke kiranta, don ba ta san a bari sai gobe ba. A shagon buga takardu take aiki, yatsunta a kan madannai kamar ruwan sama a kan kwano. Ita ta sayi firjin yana can yana awo. Ita ta ɗaura fankar. Aurensu ma, a yadda nake ba da labarin, ita ce ta gaji ta ce masa, "Malam, ni ce wannan, babu ko wannan." Idan na faɗi haka a gabanta sai ta jefe ni da silifas ta ce, "Ɗan kawu, Allah ya shirye ka."

Wata rana ta dawo gida da laftof a hammata, tsohuwa, ta saya hannun wata abokiyar aikinta. Ko-Wannan ya yi kwana da kwanaki yana jin haushi, ba don kuɗin ba, don ba a bar shi ya kwatanta ba. Ta ajiye ta a ɗan teburin da ke bakin taga. In ta taso aiki ta ɗora tukunya, sai ta zauna ta buɗe wasan kartar nan da mutum ke yi shi kaɗai, ana jera ja a kan baƙi, ƙarama a kan babba. Ba ta iya ba. Sauri ne ya yi mata yawa, karta na gabanta tana kiranta amma ta wuce. Shi kuma ya tsaya a bayanta yana gyara tabarau.

"Ga jar nan, da kin..."

"Yi min shiru, likitan makafi."

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne. Ta ce kanta na sara, bari ta leƙa ƙaramin asibitin ƙarshen layi a duba mata jini. Ta miƙe daga gaban wasan, ta yafa mayafi, ta nuna shi da yatsa. "Kar ka taɓa min, na kusa ci. Yanzun nan zan dawo." A kan bencin jira ta faɗi. Kafin a kira shi ya iso, an riga an rufe mata fuska.

Ban ga ya yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya ce amin inda ake cewa amin. Da mutane suka watse ya koma aiki, wannan ko wannan, da murya ɗaya kamar rediyon da aka manta a kunne. Ya ci abin da Gwaggo ta aiko, ya wanke kwanon, ya mayar. In ka tambaye shi lafiya ya ce lafiya.

Sai da na je gidan na ga laftof ɗin. Tana nan a bakin taga, a buɗe, a kunne, caja a jiki. Ya saita ta yadda fuskar ba za ta yi barci ba. A ƙarƙashin teburin ga akwatin batir da ya aro daga shagonsu, don ko an ɗauke wuta. A fuskar kuwa ga wasan yadda ta bar shi. Jar bakwai tana gefen dama, baƙar takwas tana tsakiya a sake, ba komai a kanta. Ko ɗan akuya ya gani ya san inda za a ɗora.

Na ce, "Taubashi, ka ga matarka ko? Wai ta kusa ci."

Ya ce, "Eh."

Na jira ya ƙara wani abu. Ya ɗauki ƙyallen goge tabarau ya share ƙurar da ke gefen madannai, a hankali, yana kauce wa kowane maɓalli.

Haka aka yi watanni. Sai laftof ta fara ciki. Madannan suka taso a tsakiya kamar burodi a tanda, murfin ma ko an so ba zai rufu ba. In ka ɗora hannu za ka iya soya ƙwai, wannan kuma ban ƙara gishiri sosai ba. Gwaggo ta je shara ta ji ƙaurin roba, ta kira ni.

"Kai ne bakinka ba shi da birki. Je ka ka gaya masa ya sayi sabuwa ya kwashe hotunanta, kafin abin nan ya tashi da gidan da shi a ciki."

Na gaya masa. Ga mamakina ya ce to. Ranar da ba ya aiki muka tafi kasuwar kwamfutoci, bene hawa uku, kowane shago da mai kiranka ranka ya daɗe.

Nan Ko-Wannan ya dawo Ko-Wannan, a baki dai. Aka fito masa da ta farko, siririya, fara, mai tsadar da sai ka zauna kafin a faɗa maka. Mai shagon ya ce wannan ba ta gardama, ba ta cika kamuwa da cuta ba, tana daɗewa ba caji, sai dai ita da danginta kaɗai take shiri, cajarta daban, igiyoyinta daban, in ta yi ciwo ba kowane mai gyara ke buɗe ta ba. Na ce to wannan ai 'yar masu kuɗi ce da aka aurar unguwar talakawa. Aka fito da ta biyu, irin ta kowa da kowa, irin ta ofis da shagon buga takardu. Tana shiri da kowace firinta, kayanta har a bakin titi, amma kullum cikin neman sabuntawa take, kana tsakiyar aiki ta ce ka jira ta. Wani mai tarin gashi a hawa na uku ya ce duk mu bar waɗannan, akwai tsarin da kyauta ne, kai ne sarkin na'urarka. Ya buɗe baƙin allo ya fara rubuta wasu kalmomi. Na ce masa ni sarautar da sai na koma makaranta na yafe.

Ko-Wannan ya ɗaga kowace ya ji nauyinta. Ya gwada madannai. Ya matsa kusa da fuska ya ja baya, ya tambayi girman ma'aji da ƙarfin batir. Masu shago suna murna sun samu wanda ya san kaya. Sai a ƙarshe ya yi tambayar da ya zo da ita.

"Akwai wasan karta da aka fara a tsohuwar. Za a iya ɗauko shi yadda yake?"

"Wasan karta? Ranka ya daɗe, wannan tana da wasanni sun fi dubu."

"Wancan ɗin. Inda aka tsaya."

Mai farar ya ce a'a. Mai ta kowa da kowa ya ce hotuna da takardu da waƙoƙi duk za su taso a filashi ɗaya, amma wannan a'a. Mai gashi ya yi dogon bayani wanda ƙarshensa a'a ne. Kowane ya faɗa, Ko-Wannan sai ya ce, "To, na gode, zan yi tunani." Muka sauko bene hannu rabbana. Mako na gaba muka koma, da wanda ya biyo shi. Masu shago suka fara ɓuya in sun hango mu. Ni kaina tsokanar ta ƙare min, ina bin sa ne kawai kamar jaka.

Gwaggo ce ta gaji ta turo mai gyara har gida, wani gajere mai ƙaramar jaka, ba ya son dogon zance. Ya zo da hantsi. Ya durƙusa ya leƙa laftof ɗin ta gefe, bai taɓa ba, ya ja da baya.

"Maigida, batirin nan ya kumbura, kuma a ciki yake, ba irin na zarewa ba ne. Sai an kashe an kwance. Ni dai ba zan kwana ɗaki ɗaya da shi ba."

"In an kashe, wasan fa?"

"Tsohon yayi ne, ba ya ajiye inda aka tsaya. In an sake buɗewa sabon rabo zai yi." Ya sosa ƙeya. "Ka ɗauki hotonsa da waya mana."

"Na ɗauka."

"To ai shi ke nan."

"Hoto ba ya jiran kowa," in ji Ko-Wannan. Bai ɗaga murya ba, kamar dai yana faɗa wa mutum lambar gilashinsa.

Mai gyara ya dube ni, na dubi fanka. Ya zura filashi a hankali ya kwashe hotuna da takardu, wannan bai taɓa wasan ba. Da ya gama ya ce zai jira a waje, amma yau ɗin nan za a kashe, ko shi ko wuta.

Muka rage mu biyu. Ko-Wannan ya jawo kujerarta, wadda tun ranar ba wanda ya zauna a kai, ya zauna. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya daɗe yana kallo. Ina jin mai gyara a waje yana waya da wani a kan firinta.

"Ɗan kawu," ya ce, "ta ce kar in taɓa."

Duk ƙaryar da ke cikina na laluba ban samu wadda za ta yi ba. Na ce, "Ta ce."

Ya ɗora hannu a kan maus, ɗan linzamin kwamfutar. Ya ja jar bakwai ya ɗora a kan baƙar takwas. Kartar da ke ƙasa ta buɗe, baƙar shida, ya ɗora ta ita ma. Ya ci gaba, a hankali, ba irin nata ba, kowace karta sai ya dube ta sau biyu. Na tsaya a bayansa inda shi yake tsayawa da. Na ga wata da zai iya ɗorawa, na yi shiru, can ya gan ta da kansa. Aka yi nisa har na fara zaton za a ci. Sai wasan ya cije. Ya juya ragowar kartar, ya sake juyawa, ya sake. Babu inda za a motsa.

"Ba ta kusa ci ba," ya ce.

"Ko kusa," na ce. "Ai ka san ta da cika baki."

Wani sauti ya fito masa ta hanci, ban san ko dariya ba ce. Ya danna maɓallin kashewa ya riƙe. Fuskar ta yi baƙi, ƙaramar fankar da ke ciki ta tsaya. Ashe duk watannin nan ƙararta muke ji a ɗakin, ban sani ba sai da ta daina. Ya zare caja ya naɗe ta a hannu, ya kira mai gyara ya shigo.

Da yamma muka koma kasuwar. Shagon farko da ke bakin ƙofa ya shiga, mai shagon ya gan mu har ya fara neman hanyar fita. Ko-Wannan ya ajiye filashi a kan teburin mai shagon.

"Ba ni ɗaya."

"Wacce, ranka ya daɗe? Akwai wannan, akwai kuma..."

"Wadda ke kusa da hannunka."

Aka sa masa a kwali. Bai tambayi batir ba, bai ɗaga ya ji nauyi ba. A hanya na ce masa zan ba da labarin nan a dangi kuma ba wanda zai yarda, za a ce ƙarin gishirina ne. Ya ce to. Da muka isa gida ya ɗora kwalin a teburin bakin taga, bai buɗe ba, ya ce gobe yana da aiki da wuri, akwai wata tsohuwa da za ta zo a gwada mata ido.