Gwaggo Herminia da Shingen Falfurrias

Gwaggo Herminia ƙanwar babana ce. Ta haye kogin Rio Grande daga Reynosa, garinsu da ke ƙetaren iyaka, a bazarar 1982, tana budurwa, takalmi a hannu, ƙullin kaya a ka. Babana, Eusebio, ya riga ta shigowa Texas da shekara biyu, kuma wannan 'yar tazarar ce ta raba rayuwarsu. Da aka yi dokar afuwa a 1986, aka ce sai wanda ya shigo kafin 1982 ta kama. Baba ya samu takarda, daga baya ya zama ɗan ƙasa. Gwaggo kuwa 'yan watanni ne suka hana ta.

An buɗe wata ƙofar ga masu aikin gona, amma ita wanki da guga take yi a gidajen masu hali na garinmu, McAllen. Baba ya samo wani mai gonar albasa da zai rantse cewa ta yi masa aiki. Ta ƙi.

"Yaya, ni ban taɓa riƙe albasa ba sai a kicin," ta ce. "In suka tambaye ni yadda ake cire ta, me zan ce?"

Ta auri wani magini, Nicanor, ta haifi 'ya ɗaya, Araceli, wadda ta zama 'yar ƙasa tunda a nan aka haife ta. Nicanor bai yi tsawon rai ba. Gwaggo ta riƙe gida da tamal, alalar masarar nan da take naɗewa a ɓawo ta sayar a ƙofar coci ran Lahadi. Duniyarta kaf tsakanin abu biyu take: kogi a kudu, shingen binciken Falfurrias a arewa, inda jami'an tsaron iyaka ke tsayar da duk motar da ta nufi cikin ƙasa. Ran da mahaifiyarta ta rasu a Reynosa, Baba ya haye gada ya je jana'iza. Ita a bakin ganuwar kogi ta tsaya da baƙin mayafi, tana kallon ƙetare har rana ta yi zafi, sannan ta koma gida.

Yayana Leonel a hannunta ya tashi, don Mama aikin kanti take yi. Da ya bar soja ya shiga aikin tsaron iyaka, domin a yankinmu babu aikin da ya kai shi albashi. Babu wanda ya zauna ya tsara, amma kowa ya san ƙa'idar: ba ya tambaya, ba ta faɗa, kuma ba ya shiga gidanmu da kaki.

A bazarar 2013 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙudiri da zai ba irin su Gwaggo hanyar samun takarda. Ran Lahadin da ta biyo muna tsakar gida, Baba na gasa nama, ya ɗaga cokali mai yatsu ya ce, "Herminia, bana taki ta zo."

"Sai ta wuce Majalisar Wakilai tukuna, Baba," in ji Leonel. "Kuma ba za ta wuce ba."

"Kamar kana so kar ta wuce."

"Ban ce ba. Amma duk ran da aka ambaci afuwa a talabijin, masu fataucin mutane sai su baza labari har ƙauyukan Honduras cewa ƙofa a buɗe take. Makon jiya gawar wata mace na ɗauko a dajin Brooks, inda ake zagaye shingen Falfurrias da ƙafa, da jarkar ruwa babu ko ɗigo a gefenta. Ku ba ku ga wannan ba."

"To ubanka fa? Ba afuwar ce ta sa ka samu kakin da kake tinƙaho da shi ba?"

"A asibitin McAllen aka haife ni, Baba."

"Ka ji shi. Bature."

Na ce, "Yaya, Gwaggo ce fa ake magana a kai, ba 'yan Honduras ba."

Ya juyo ya kalle ni. "Griselda, kin san ba na jin wannan maganar. Kar ki sa in ji ta."

Gwaggo ta zuba masa wake a faranti, ta ƙara masa tamal biyu. "Ku ci abinci," ta ce. "Waɗancan na Washington ba su fasa cin nasu saboda ni ba."

Leonel ya yi gaskiya. Ƙudirin ya je Majalisar Wakilai ya kwanta, ba a ko kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

Cikin kaka mijin Araceli ya kira daga San Antonio, inda suke zaune. Araceli na da ciki wata bakwai, jininta ya hau, an kwantar da ita, likitoci na maganar fiɗa. Ya ce tana ta kiran uwarta. San Antonio kuwa tana bayan shinge.

Da safe na tarar da Gwaggo a ƙofar gida da jakarta, ta sa rigar zuwa coci.

"'Yata, ki kai ni tashar mota kawai. Ban ce ki kai ni can ba."

"Bas ɗin ma tsayar da shi suke yi, Gwaggo. Shigo."

Kafin mu fita gari na kira Leonel, na sa wayar a bayyane. Na gaya masa inda muka nufa.

"Ba a shingen nake aiki ba, kuma ko da a can nake ba abin da zan iya," ya ce. "Griselda, kin san laifi ne ki ɗauke ta? Za su iya ƙwace motar, su gurfanar da ke."

"Na sani."

"Gwaggo, kina ji na? Kar ki yarda wani ya ce zai bi da ke ta daji. Kuma in suka tambaye ki ko ke 'yar ƙasa ce, kar ki ce e. Wanda ya yi wannan ƙaryar, ko gobe aka yi afuwa, zai iya rasa ta har abada."

"To me zan ce, ɗana?"

"Ban sani ba," ya ce. Muryarsa ta canza. "Ban sani ba, Gwaggo."

Muka kama hanyar arewa. Gari ya ƙare, sai dajin ƙaya hagu da dama, da shingen waya na masu kiwo. Gwaggo ba ta taɓa zuwa nan ba. Tana ta jan carbinta, can ta ce, "Ashe haka ƙasar take da faɗi."

Muka hango rumfar shingen, motoci sun yi layi. Wani jami'i na zagayawa da kare. Na ga yadda suke yi: wasu motocin a ɗaga musu hannu su wuce, wasu a leƙa. Motar gabanmu hannu aka ɗaga mata. Da muka iso, jami'in, wani saurayi mai jan gashi, ya sunkuyo.

"Barka da rana. 'Yan ƙasa ne ku duka?"

"Ni 'yar ƙasa ce," na ce.

Ya kalli Gwaggo. "Ke fa, Mama?"

Da ta gyaɗa kai kawai, ina jin da mun wuce, don idonsa ya riga ya koma kan motar baya. Gwaggo ta ajiye carbin a cinya.

"A'a, ɗana. Ba ni da takarda. 'Yata ce a asibiti a San Antonio."

Saurayin ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya sauke numfashi, ya nuna mana gefe.

Suka raba mu. Ni suka yi mini tambayoyi har la'asar, suka riƙe motar, suka sallame ni ba tare da tuhuma ba. Baba ne ya zo ya ɗauke ni ya kai ni gida. Gwaggo suka tafi da ita gidan tsare baƙi. Tana can aka yi wa Araceli fiɗa, aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Araceli kuma ta samu sauƙi.

Wata lauya da cocinmu ya samo ta yi ta zirga-zirga. Da yake Gwaggo ba ta da tarihin laifi ko ɗaya, kuma ta haura shekara talatin a ƙasar, aka sake ta ta jira ranar da za ta tsaya gaban alƙali. Baba ya kai ta San Antonio da takardar kotun a jaka. A ƙofar ɗakin jarirai ta wanke hannu har gwiwa, ta zura yatsa ta ramin kwalbar, jaririyar ta kama.

Leonel ya sha bincike a wurin aiki, aka tambaye shi me ya sani, tun yaushe. Bai rasa aikin ba, amma aka mayar da shi wani yanki mai nisa a yamma. Ya daɗe ba ya ɗaga wayata. Ta Gwaggo kuwa yana ɗagawa, sai dai ba sa wuce gaisuwa da labarin jaririya.

Gwaggo ta zauna wajen Araceli tana rainon yarinyar, wadda aka sa wa suna Noemi. An ɗage shari'ar, an sake ɗagewa, an canza alƙali. Lauyar ta gaya mata gaskiya, cewa dokar ba ta ba ta wata babbar dama ba, ana iya cewa ta koma Reynosa, garin da ba ta san kowa a cikinsa ba yanzu. Da na ziyarce su a watan jiya, Noemi ta shiga makaranta, Gwaggo ce ke raka ta da ƙafa kullum da safe. Ranar kotu ta gaba tana cikin watan Maris.