Agogunan da Aka Raba Kafin In Dawo

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Injiniya Habibu, abokina tun muna samari, abokin zamana kuma a nan Doha. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in ji babu abin da ke motsi a raina. Bana ma haka abin yake, sai dai na daure na rubuta.

Habibu mutumin Malumfashi ne. Ya yi karatu a Aljeriya, ya ƙare rayuwarsa yana aikin iskar gas a nan. Ni tafinta ne, aikin ya yawata da ni ƙasashe. Duk inda za ni, saƙonsa ɗaya ne: in leƙa shagunan tsofaffin kaya in duba masa agogon hannu, irin na da, wanda ake yi wa wani da yatsa. Ya tara sun ɗan haura goma, na Siwizalan, na Japan, da wani na Rasha da ya girmi aurensa. Babu na zinare ko ɗaya, don ya ce ba zai ajiye abin da addini ya hana shi ɗaurawa ba. Duk na farin ƙarfe ne, gilashin wasu ya ƙwarzane. Wanda bai sani ba zai ɗauka tarkace ne. Masu sani kuwa har daga wasu ƙasashe suke kiransa suna tayi, yana ƙi.

A shekarar da ya rasu, gobarar daji ta tashi a tsaunukan arewacin Aljeriya, yankin da yake yin hutu a gidan wani abokin karatunsa. Muna falonsa a unguwar Matar Ƙadim bayan la'asar, talabijin na nuna itatuwan zaitun suna ci da wuta, tsofaffi suna gudu da awaki a kafaɗa.

Ya ce, "Tafinta, na ci abincin mutanen nan shekaru, ba su taɓa nuna mini ni baƙo ba ne."

Ya gaya mini wata ƙungiyar agaji za ta shirya gwanjo a Doha. Masu hali su ba da kaya masu daraja, wanda ya fi tayi ya ɗauka, abin da aka samu a kai wa waɗanda wuta ta cinye wa gidaje. Ya ce agogunan duka zai kai.

Na ce, "Kai da ko taɓawa ba ka bari a yi?"

Ya yi dariya. "Hannu biyu gare ni, ɗayan ma kwanan nan ciwo yake. Idan wani abu ya hana ni, kai ka kai su. Duka."

Daga ni sai shi a falon.

Ina Dakar wajen aiki aka kira ni aka ce zuciyarsa ta tsaya. A ranar aka binne shi. Ban samu dawowa ba sai bayan addu'ar bakwai, na tarar ƙaninsa Nasiru ya zo daga gida ya yi abin da muka saba. Ya fito da riguna da huluna da takalma ya raba wa Hausawan da suka ɗauki gawa suka zauna makoki, yawancinsu direbobi da masu gadi. Da ya ga tsofaffin agogunan ƙarfe, wasu ma a tsaye, sai ya haɗa da su.

A Faransa na ga gidan da aka kulle ɗakin mamaci har sai mai ƙiyasta kaya ya zo ya duba ko da cokali ne. A Turkiyya na ga an ajiye takalmin mamaci a bakin ƙofa don mabuƙaci ya ɗauka ba tare da an ga fuskarsa ba. Mu kuwa abin da jikin mamaci ya taɓa, gaggawa muke mu mayar masa da shi lada. Har yau ban ga aibun haka ba, kuma ban taɓa ganin laifin Nasiru ba.

Matarsa, Hajiya Rabi, tana takaba. Ta bayan labule ta ce, "Yaya, ga naka agogon nan, Nasiru ya ce a ajiye maka mai kyau." Na gaya mata maganar da muka yi da mijinta. Sai ta tambaye ni:

"Da bakinsa ya faɗa maka?"

"Da bakinsa."

"To shi ke nan. Ba zan so ya kwanta da alkawari a wuyansa ba."

Nasiru bai ɗauke ta da sauƙi ba. "Haba Yaya! A ba mutum abu a gaban jama'a, ya shafa fatiha, sannan a bi shi a ce kawo? Da wane idon? Kuma wa ya ji wasiyyar nan ban da kai?" Malamin da muka tambaya ya ce tunda magada, wato matarsa da 'ya'yansa, sun gaskata, kuma abin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyar ba, wasiyya ce a gaba. Nasiru ya koma gida bai yi mini sallama ba.

Na fara mayar da nawa cikin akwatin agogunan, sannan na shiga bin mutane. Yawancinsu a Asian Town, unguwar baƙin ma'aikata, nake samunsu ranar hutu, gefen shagunan shayi. Na yi zaton kunya za ta kashe ni, sai na ji ba na jin komai. Haka nake a wajen aiki: maganar wani ce ke bi ta bakina, idan ta yi ɗaci ba tawa ba ce. Wani direba yana cire nasa yana dariya, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, karɓi abinka. Kullum sai an yi masa wani, kamar mai rainon jariri." Wani ya miƙo bai dube ni ba, kuma bai sake gaishe ni ba.

Saura ɗaya, a hannun Isuhu, wani mai gadi ɗan Haɗeja. Shi ne ya shiga kabari ya karɓi gawar Habibu. Nasa ne wanda masu gwanjon suka fi ɗoki a kai. Ya saurare ni har na gama, hannunsa na dama a kan agogon.

"Baba, ni ban roƙa ba. Ba ni aka yi."

"Na sani, Isuhu. Amma wasiyya ce."

"Mutanen can sun san shi ne? Ni na san shi. Lokacin da kafil ɗina, ubangidan da ya kawo ni ƙasar nan, ya riƙe mini fasfo, wa ya tsaya mini? Da hannun nan na kwantar da shi. Ka yi haƙuri, Baba, ka kai ni inda za ka kai ni."

Da na so, da na haɗa shi da manyan Hausawan Doha, kuma da ya bayar. Hajiya ta ce ta bar mini hukunci. Na bar shi da abinsa.

An yi gwanjon a zauren wani otal mai tsananin sanyi. Mai gwanjo yana magana da Turanci da Larabci, mutane suna ɗaga kati, yana buga guduma. Abin da Habibu ya shafe rayuwarsa yana tarawa ya watse kafin shayina ya huce. An ambaci sunansa, an tafa. Na fito na nemi tasi.

Tun daga lokacin babu shekarar da daji bai ci da wuta ba a wata ƙasa. Yau Girka, gobe Kanada, jibi Amurka. Mutane sukan gani a waya su ce Allah ya kyauta, su wuce zuwa wani hoton, ni ma haka. Nakan tambayi kaina abin da Habibu zai ce. Wataƙila ya tuna mana da gonakin gida da masu farautar gafiya ke cinna wa wuta bayan kaka, waɗanda babu wanda ya taɓa shirya musu gwanjo. Wataƙila kuma ya dube ni kawai ya ce, "Tafinta, duka na ce." Wannan ce tambayar da ta rage mini, kuma ba ni da wanda zan kai wa ita.

Ban san ko rufin ɗakin wa aka gyara da dukiyarsa ba. Hajiya ta koma gida da yara. Nasiru yakan amsa sallamata a waya a taƙaice. Abin da nake iya gani da idona na Habibu a garin nan shi ne Isuhu, wanda muke haɗuwa a masallacin Juma'a, kuma duk lokacin da ya hango ni sai ya ja hannun rigarsa ya rufe wuyan hannunsa. Haka muka yi shekara huɗu.

Juma'ar da ta wuce muka fito tare wajen takalma. Na ce, "Isuhu, ƙarfe nawa?"

Ya tsaya cak. "Baba, karɓa ka zo yi?"

"A'a. Lokaci na tambaya."

Ya naɗe hannun rigar a hankali, ya duba, ya faɗa mini. Na ce, "Ka daina ɓoyewa. Idan wasiyya ba ta cika ba, ni aka ba, ni zan amsa." Bai sauke hannun rigar ba. Na sa takalmina na kama hanyar unguwarmu, Al-Sadd.

Allah ya karɓi abin da ya isa, ya yafe mini wanda bai isa ba, ya sanyaya wa Habibu makwancinsa.