Baba Inuwa da Kwale-kwalen Roba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 10 ga Satumba, 2024, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu a Unguwar Dosa, Alhaji Inuwa Yahaya, tsohon jami'in sashen kiwon kifi, bayan doguwar jinya.

Baba, mu da muke noma a tsallaken kogin Kaduna ba za mu manta da kai ba. Da kwale-kwalenmu na katako ya ruɓe, ruwa yana shiga ta ko'ina, muka yanke shawarar sayen na roba. Kai ka raka mu wurin dillalin, kana dogara sanda. Idonmu ya tafi kan wani na faiba, wato robar da aka haɗa da zaren gilashi, mai ƙyalli, mara nauyi. Ka ƙwanƙwasa shi, ka girgiza kai, ka ce dutse ɗaya zai tsaga shi. Na kusa da shi kuma robarsa ba kauri, ka ce rana za ta cinye ta har ta riƙa karyewa. Ka tsaya a kan wani mai kauri, irin robar tankin ruwa, wanda aka zuba shi gaba ɗaya babu haɗi. Ka sa Hamisu matuƙinmu ya danna gindinsa da gwiwa. Ya lotsa, ya dawo.

Na yi ƙorafin nauyinsa da muninsa. Ka ce, "Rilwanu, ado za ka ɗauka a ciki ko mutane?" Shi muka saya.

A watan Agustan bana kogi ya cika. Ruwa ya ƙwace wa Hamisu filafili, ya maka kwale-kwalen a kan duwatsu. 'Yata Husaina tana ciki, da matan da suka je cirar alayyahu. Ina tsaye a gaɓa ina kallo. Kwale-kwalen ya bugu, ya juya, ya sake buguwa, bai fashe ba. Masunta suka jawo shi, kowa ya fito da ransa.

Da na zo gaya maka, magana tana yi maka wuya. Ka kama hannun Husaina ka daɗe ba ka saki ba, ka ce, "Alhamdulillahi."

Mun ga irin ciwon da ka sha, Baba. Yau ka huta, kuma ka tafi da kalmar shahada a bakinka. Wannan ya sanyaya mana zuciya.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Iyalan Baba, Hajiya Atika, Yusuf da Zainab, Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, mu ma Ya ba mu. Amin.