Gyaɗar da jaki ya tankaɗe

Kakar da ta biyo bayan samun 'yancin kai ita ce kakata ta farko ina magidanci. Na noma gyaɗa a gonar da mahaifina ya yanka mini a bayan Shagari. Da muka ɓare, ni da matata muka zube ta a kan tabarma muka cuɗanya manya da ƙanana sosai, don mahaifina ya sha ja mini kunne kada in taɓa ɗora masu kyau a bakin buhu.

Ranar kasuwar Bodinga na ɗora wa jakina buhu biyu. Jakin nan ba ya tafiya sai da sassarfa, haka muka yi ta girgiza har muka isa.

Wani dattijo mai sayen gyaɗa ya kwance buhu, ya ga manya ɓul-ɓul a sama, ya yaba. Sai ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har kafaɗa, ya fito da ƙanana da ɓarɓashi.

Ya ce, "Samari, mi na ne wanga? Tun yanzu ka koyi ha'inci?"

Na ce, "Wallahi Baba, cuɗanya ta muka yi."

Kunya ta rufe ni, mutane sun fara tsayawa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gefenmu ta tambaye ni a kan me na kawo kayan. Na nuna mata jakin. Ta yi dariya, ta karɓi gyaɗar cikin ƙwarya, ta motsa ta da hannu a gabanmu, sannan ta shiga girgizawa a hankali. Muna kallo manyan suka yi ta tasowa.

Ta ce wa dattijon, "Ka gani, Malam? In an girgiza, ƙanana su ka samun kafar zurarewa ƙasa, su bar manya bisa. Ka tambayi matarka, kullum haka taka gani ga faifai."

Dattijon ya karɓi ƙwaryar ya gwada da kansa har sau biyu. Ya dubi jakin ya ce ashe ga mai laifin can yana cin kara. Ya saye buhunan duka, ya kuma ba ni goro.

Da na koma gida na ba matata labari, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce da na tambaye ta tun da safe, da ta gaya mini in sake juye buhunan kafin in shiga kasuwa.