Gwajin da Na Rufe wa Baki

A farkon shekarun casa'in, Jalingo na sabuwar hedikwatar jiha, ni matashi ne da ya dawo daga karatu da takardar shaidar kwamfuta da girman kan da ya fi takardar nauyi. Wata makarantar koyon jinya a Sintali ta ɗauke ni in kula da manhajar da ke haɗa sunayen masu neman shiga da makin jarrabawarsu. Kwamfutar tana da rumbu mai adana duk gyaran da aka yi wa manhajar, da sunan mai gyaran da dalilinsa.

Kafin a ajiye gyara, akwai gwajin da ke ɗibar sunaye barkatai daga jerin bara, ya duba ko kowa ya samu makinsa. Yau ya wuce, gobe ya faɗi, alhali ba wanda ya taɓa komai. Na zargi janareta, na zargi zafi. Shugabar makarantar, dattijuwar da muke kira Mama, ta ce mini a aikinsu zazzaɓin da ke zuwa ya tafi shi suka fi tsoro. Na zuba mata Turanci har ta ƙyale ni. Sai na gyara gwajin: in ya faɗi ya sake, har sai ya wuce. A rumbu na rubuta cewa na yi maganin gwaji mai ƙorafi.

Da sakamako ya fito, wani dattijo daga Yelwa ya zo ya durƙusa mini, yana roƙon a sake duba na 'yarsa, wai tun firamare ba ta taɓa faɗuwa ba. Na ce masa kwamfuta ba ta kuskure. Ya yi godiya, ya tafi.

Bayan shekara guda na gano gaskiyar. Gwajin na faɗuwa ne kawai in ya ɗebo masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, domin manhajar na musanya makinsu. A garinmu kuwa, takwara ba abin nema ba ne. Yarinyar ta ci, takwararta aka ɗauka. Mama ta karanta abin da na rubuta a rumbu, ta aike ni Yelwa da takardar shigar yarinyar. Maƙwabta suka ce dattijon da iyalinsa sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma.

Takardar na nan a akwatina. Masu wannan aiki, in gwaji ya riƙa faɗuwa jefi-jefi, ku nemi dalili kafin ku rufe masa baki. Nawa ya faɗi gaskiya, dattijon ma ya faɗa, ni ne na sallame su duka.