Matar da ke bakin rijiya a zanen Malam Yohanna

Wallahi wannan a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Bayan na bar aikin tafinta na dawo Tudun Wada, shekara guda da rasuwar matata Hadiza, sai maƙwabcina Malam Yohanna, tsohon malamin makaranta, ya shigo mini da wani tsohon zanen Turawa. Kufai ne: ginshiƙai a zube, rijiya a gefe, makiyayi da awakinsa. Na ga kufan Masar, na ga na Italiya, amma wannan babu shi a duniya. Mai zanen ne ya gina garin a ransa, ya kuma rushe abinsa.

"Alhaji, riƙe. Ba a sayar da shi, bayarwa ake yi."

"Ni da ko kalanda ba na ratayewa?"

"Ka dai riƙe, sarkin gardama."

A bayan zanen duk wanda ya bayar ya bar sunansa: wani Ba'italiye mai aikin hanya, wata nas Baturiya, kukunta, sannan Yohanna.

Gwiwa ta hana ni masallaci, ga kuma surar mutum a jiki, don haka duk salla sai in juya shi bango. Wata la'asar na idar, na juyo shi, sai ga mace a bakin rijiyar ta ba ni baya, kallabi a karkace, hannun hagu a ƙugu. Haka Hadiza ke tsayuwa in tana jiran guga. Innalillahi! Tsoro na ji, amma kewa ta fi.

Bayan kowace salla tana ɗan juyowa, har na fara hango kuncinta, na ce gobe ko jibi zan ga fuskarta. Ran nan ina asibiti saboda gwiwar, sai 'yata ta zo daga unguwar Kongo, ta ga ƙura a zanen, ta goge shi tas da tsumma da kananzir. Na tarar komai na sheƙi, har awakin. Matar kaɗai ce babu.

Da na gaya wa Yohanna, sai ya ce:

"Ni ƙanena na gani, wanda ruwa ya ci."

"Ya juyo?"

"Ya juyo. Shi ya sa na ba ka."

Har yau ban rubuta sunana ba, sau biyar nake juyo shi kullum ina duba bakin rijiyar. Jama'a, in kun ga tsoho ya bar abu da ƙura, ku tambaye shi kafin ku goge.