Yaron da Ba Na Kiran Sunansa

Matso kusa, 'yar'uwa, gyara zama in ba ki labarin shekarar da ɗan farina ya dawo hannuna. Ba zancen ɗaga murya ba ne, shi ya sa na ce ki matso.

Kin san yadda muke da ɗan fari a nan. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi a gabanki sai ki kau da kai wani ya ɗauke shi. Nawa kuma sunan uban mijina anka sa masa, kunyar ta zama biyu. Ana yaye shi kakarsa ta zo daga Horo Birni, can ƙasar Shagari, ta goya abinta ta tafi. Ni ina Boɗinga na haifi mai bi masa, namiji, sannan auta, mace. Shi sai da salla nake ganinsa, shi ma ta wutsiyar ido.

Da ya gama firamare babansu ya ce ya dawo wurinmu ya shiga sakandare, tunda ga ta kusa da gida. Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, sauro ya yi yawa. A satin nan kowa na da tasa sabuwa: shi sakandare, ƙanensa aji biyar, auta kuma ranar farko ke nan za ta sa kayan makaranta. Safiyar gidanmu sai wanda ya gani. Mai bi masa na neman takalmi ƙafa ɗaya, ashe yana ƙarƙashin turmi. Auta na kuka wai kitson da na yi mata ya ja mata kai, hijabin kuma ya kai mata har ƙasa tana taka shi. Koko na hucewa, ni ina faɗa da wannan ina lallashin waccan. Shi kuwa tun da asuba ya shirya, yana zaune bakin zaure da jakarsa a cinya kamar wanda ya zo gaisuwa.

To ya zan yi in ba shi abinci? Sai in kira auta in ce ta gaya wa yayanta ga kokonsa nan. Yana jina, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Shi ma sai ya ce mata ta gaya wa Inna ya ƙoshi. Haka yarinyar nan ta zama 'yar aikenmu. Har ta fara jin kanta, wata rana ta riƙe ƙugu ta ce ita ta gaji, ba ga shi ga ni ba, wai ko kunnuwanmu ne sunka toshe. Na kai mata duka da mafici, ta gudu tana dariya.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Wata la'asar ina tankaɗe, su biyu mazan suna bayan ɗaki suna zuba wa awaki ciyawa. Na ji ƙaramin na tsokanarsa da ɗan ƙauye, don ya ce bai iya barci da ƙarar manyan motocin da ke bin titi. Babban bai yi fushi ba. Cewa ya yi ya kwantar da hankalinsa, in an tafi yankan gero Horo Birni ba zai dawo ba. Ƙaramin ya tambaye shi dalili.

"Gidan ga ko akuya Inna na yi mata magana," in ji shi.

Rariyar ta tsaya a hannuna. Na san in ya je ya ce wa kakarsa zai zauna, da murna za ta karɓe shi, babansu kuma ba ya tsallake maganar uwarsa. Can kuwa sakandare da nisa, ga gona ga kiwo, karatun ya ƙare ke nan. Na gaya wa babansu abin da na ji, ya ce yaro ne, zai saba. Maza haka suke, komai a wurinsu zai saba.

Ana cikin haka zazzaɓin ƙarshen damina ya kama shi. Babansu ya kai shi asibiti anka ba shi magani, ya dawo da shi ya kwantar a ɗakina, ya wuce fadama wurin irin albasarsa. Ƙanensa da auta sun tafi makaranta. Sai a lokacin na lura da abin da komawar makaranta ta yi mini: ta ɗauke mini 'yar aike. Gida tsit, daga ni sai shi sai kaji.

Na dama kunun tsamiya na ajiye a bakin ƙofa. Na ce da ƙarfi, kamar da katanga nake, ga kunu nan in akwai mai sha. Shiru. Na koma na yi shara inda na riga na share. Na sake zuwa na gaya wa kaza cewa ba a shan magani da yunwa. Kazar ta dube ni ta wuce. Daga ciki ina jin haƙoransa na haɗuwa don rawar sanyi.

Na ɗauki kwanon na shiga. Na ce, "Kai, tashi ka sha." Muryar ma ba ta yi kama da tawa ba. Na tallabo kansa, zafi kamar dutsen guga. Rabon hannuna da kan nan tun yana shan nono. Ya sha kaɗan, na jiƙa tsumma ina goga masa a goshi, fuskata na kallon bango. Can ya ce, a hankali:

"Inna, kin ko san sunana?"

Na so in yi dariya, sai ga hawaye. Na ce masa ni da ina ɗaki ranar suna na jiyo shi daga zaure tun shi bai san ana kiran mutum ba. Faɗin sunan ne ba zan iya ba. Amma tunda bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na gaya masa na san tabon da ke gwiwarsa jaki ne ya kayar da shi a hanyar rijiya. Na san shekarar da ya yi ƙyanda, na san ranar da ya kai izu goma a makarantar allo kakarsa ta yi sadakar waina. Na san ba ya son miyar kuɓewa, shi ya sa tun zuwansa kuka muke ci har ƙanensa na ƙorafi. Ya tambaye ni wa ke gaya mini. Na ce duk matar Horo Birni da ta shigo Boɗinga ran kasuwa gidanmu take shan ruwa, ni kuma ba na tambayar kowa labarinsa, lafiyar kakarsa kawai nake tambaya in yi shiru, sauran su ke kawowa da kansu.

Ya shanye kunun, ya juya ya yi barci. Da auta ta dawo ta same ni zaune gefensa, ta tsaya bakin ƙofa da hijabinta duk ƙasa, ta ce wa munka aika da ba ta nan.

Da ya warke lokacin yankan gero ya yi. Ranar Juma'a bayan an taso ya bi babansu sunka tafi Horo Birni. Ban ce ya dawo ba, ban ce kada ya je ba, na dai sa masa ƙuli-ƙuli a jaka. Asabar na wuni ina ƙona abinci. Lahadi da yamma na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, na kasa kunne ina lissafin takun da ke shigowa zaure. Na mutum biyu ne.

Ya shigo da zangarniyar sabon gero a ɗaure, kakarsa ta bayar a gasa wa yara tumu. Auta ta ruga ta miƙa hannu don ta karɓa ta kawo mini, yadda ta saba. Ya ɗaga damin sama, ya zagaye ta, ya zo ya durƙusa ya ajiye a gabana.

"Inna, ga shi. Kuma farar rigata ta makaranta na wurin wanki?"

Na ce tana kan igiya, ya duba in ta bushe. Ranar nan na ci tuwo har da ƙari.

Yanzu yana ajin ƙarshe. Muna magana, har faɗa nake yi masa in ya bar kwano ba wanki, amma sunan har yau bai fito daga bakina ba, shi ma bai sake tambaya ba. Ke da kika ji duka, in ke ce zaune gefen gadon nan da tsumma a hannu, da kin faɗa masa?